Yadda Za Ka Ci Abinci Daidai da Yunwarka, Kuma Ɗabi'ar Ta Zauna Maka

Yawancin cin da muke yi ba yunwa ce ke jawo shi ba. An sauke tukunya ne, ko an yi maka bismillah a majalisa, ko ƙamshin suyar ƙosai ya bugi hanci a bakin titi, ko kuma an wuni ba a sa komai a baki ba sai dare ya yi aka zauna ramuwa. A duk waɗannan ba a shawarci ciki ba. Wannan bayani na baligi ne mai lafiya, wanda Allah ya hore masa abin da zai ci sau biyu ko uku a rana, yana kuma son ya rabu da cin da ke barinsa da nauyin ciki da kasala. Dabarar duka rabon aiki ce: agogo ya tsayar da lokacin ci, ciki kuma ya tsayar da yawan abin da za a ci. Wanda ya riƙe ɗaya ya saki ɗaya ba ya daɗewa a kai.

Abin da ke faruwa a ciki

Idan tumbi ya zama wayam yana sakin wani sinadari cikin jini mai suna girelin, wanda masu bincike a Japan suka gano a 1999. Shi ke kai wa ƙwaƙwalwa saƙon a nemi abinci. Abin riƙewa game da shi shi ne yana koyon lokaci. Idan ka saba cin rana da ƙarfe 2, zai riƙa tashi gab da ƙarfe 2, in kuma ba ka ci ba ya lafa na ɗan lokaci sannan ya dawo. Mai azumi ya san wannan a jikinsa: kwanakin farko na Ramadan yunwa kan taso daidai lokacin karin kumallo da na abincin rana, bayan 'yan kwanaki sai ta sassauta. Ke nan yunwar mutumin da ba shi da tsayayyen lokacin ci ba abin dogaro ba ce tukuna, sai an koya mata.

Ƙugin ciki kuwa wani abu ne dabam. Idan babu abinci, tumbi da hanji na yin wata matsa ta share ragowar da ke cikinsu, kusan kowane minti 90 zuwa 120. Ƙarar da kake ji ke nan. Alama ce cewa cikin ya yi sarari, amma ita kaɗai ba ta nufin dole a ci yanzu.

Ƙoshi yana zuwa ta hanya biyu. Ta farko miƙewar bangon tumbi, wadda ake ji nan take. Ta biyu sinadaran da hanji ke saki idan abinci ya fara isa gare shi, kuma wannan na ɗaukar kimanin minti 20. Wanda ya tashi da malmala biyu cikin minti bakwai ya riga saƙon ƙoshi isowa, shi ya sa sai bayan ya wanke hannu yake jin cikin ya ɗaure. Cikakken abinci kan bar tumbi cikin awa uku zuwa huɗu, abu mai ruwa-ruwa ya fi haka sauri. Don haka yunwa bayan awa uku zuwa biyar da cin abinci daidai ce. Idan ta dawo bayan awa ɗaya, ko dai abincin ba mai riƙe ciki ba ne, ko kuma abin da kake ji ba yunwa ba ce.

Makon farko: aunawa kawai

Kada ka canza komai a kwana bakwai na farko. Ka riƙa ba cikinka maki daga 1 zuwa 10 kafin ka ci da bayan ka gama, ka rubuta a waya ko a takarda tare da lokaci da abin da ka ci.

Maki 1 da 2 yunwa ce da ta wuce gona da iri: jiri, rawar hannu, ciwon kai, saurin fushi, ba ka fahimtar abin da ake gaya maka. Maki 3 ciki ya yi wayam, kana son abinci yanzu, amma hankalinka na jikinka. Maki 4 ka fara tunanin abinci, za ka iya jiran rabin awa. Maki 5 ba yunwa ba ƙoshi. Maki 6 yunwar ta tafi. Maki 7 ka ƙoshi, za ka iya tashi ka yi sallah ko ka kama aiki ba nauyi. Maki 8 sai ka sassauta tazuge ko zani. Maki 9 da 10 numfashi sama-sama, gyatsa, ƙwannafi, neman wurin kwanciya.

Abin da ake nema shi ne a fara ci a 3 ko 4, a tsaya a 6 ko 7. Amma a makon nan rubutu kawai za ka yi. A ƙarshensa ka duba takardar, za ka sami kanka a ɗaya daga cikin hali uku. Idan yawanci kana farawa a 2 kana ƙarewa a 9, matsalarka ba haɗama ba ce, tazara ce ta yi yawa tsakanin ci da ci, kuma gyaranta a agogo yake. Idan kana farawa a 5 ko 6, ganin abinci da zaman jama'a ne ke sa ka ci. Idan kuwa ka kasa ba cikin kowane maki, ba ka jin yunwa sai ta kai ka ga jiri, to alamun sun dushe. Shayi mai kauri, goro, kofi da sigari duk suna danne yunwa na wasu awoyi, haka ma shekarun da aka yi ana share ta saboda aiki. Mai wannan hali ya bi agogo zalla na mako biyu zuwa uku, ya ci ko bai ji yunwa ba, ko da kaɗan ne, har alamun su farfaɗo.

Yunwa ce ko kwaɗayi?

Yunwar gaske a hankali take zuwa, daga ciki ake jin ta, kuma ba ta zaɓe. Kwaɗayi farat ɗaya yake tasowa, daga baki da ido, kuma abu ɗaya yake so: tsire, ko lemo mai sanyi, ko indomi da ƙwai. Gwajin da ya fi sauƙi shi ne ka tambayi kanka, da ɗumamen tuwon jiya za a miƙo maka yanzu, ko dafaffen wake da ɗan manja, za ka ci? Idan amsar e ce, yunwa ce, ka ci. Idan ka ji a'a, sai dai tsiren, to marmari ne.

Marmari ba laifi ba ne, kuma hana kai abu gaba ɗaya ƙara masa daraja yake yi. Abin da za ka yi shi ne ka ba shi minti 10 zuwa 15 kana wani aiki. In ya wuce, shi ke nan. In yana nan, ka sayi ɗan daidai, ka zauna, ka zuba a faranti ka ci da natsuwa. Abin da ke ɓata lissafi shi ne ci a tsaye daga cikin leda ko gwangwani, inda ido ba ya ganin adadin da ya tafi.

Ƙishirwa ma kan zo da kasala da ciwon kai irin na yunwa, musamman a watannin zafi na Maris zuwa Mayu. Idan bai kai awa uku da cin abincinka ba kuma ka ji wani iri, ka sha ruwa rabin lita, wato leda guda ta fiya wata, ka jira kwata. Launin fitsari na taimakawa: in ya yi duhu, ruwa ne ya yi ƙaranci. Amma kada a mayar da ruwa abin yaudarar yunwar gaske, domin za ta dawo da ƙarfinta da dare.

Sai barci, wanda mutane ba sa kawo shi cikin lissafin ci. A wani gwaji da aka wallafa a 2004 daga Jami'ar Shikago, an taƙaita barcin samari 12 zuwa awa huɗu na dare biyu. Girelin ɗinsu ya ƙaru da kashi 28 cikin ɗari, leptin, wato sinadarin da kitsen jiki ke saki don sanar da ƙwaƙwalwa cewa akwai ajiya, ya ragu da kashi 18, kuma abin da suka fi marmari shi ne kayan zaƙi da na fulawa. Wanda ya kai ƙarfe 1 na dare yana latsa waya sannan ya tashi Asuba, ya sani cewa yunwar da zai ji washegari ta zarce buƙatar jikinsa. A irin wannan rana a bi ma'aunin kwano da aka saba, kada a bi baki.

Tsayar da lokuta

Ba sai ka sa ƙararrawa a waya ba. Lokutan sallah sun riga sun raba yini, kuma ba a mantawa da su, don haka a jingina ci da su. Karin kumallo cikin awa biyu zuwa uku bayan Asuba. Abincin rana bayan Azahar. Ɗan abin taɓawa bayan La'asar, in an ji buƙata. Abincin dare tsakanin Magariba da Isha'i, ko dai a bar awa biyu zuwa uku tsakaninsa da kwanciya, saboda kwanciya da cikakken ciki na turo ruwan tsami zuwa maƙogwaro. Sharaɗin da ya fi kowanne muhimmanci: kada tazara ta wuce awa biyar da rana ba ka sa komai a ciki ba.

Idan lokaci ya yi kuma makinka 5 ne, ka jinkirta da rabin awa zuwa awa ɗaya, ko ka ci rabin abin da ka saba. Kada dai ka tsallake ci biyu a jere. Idan kuma yunwa ta kai 3 alhali saura awa biyu a sauke, kada ka daure don nuna juriya, ka ci ɗan abu. Mutanen da aikinsu ba ya barin su zama, kamar direbobi, 'yan kasuwa, ma'aikatan asibiti da ɗalibai masu lacca a jere, su ne suka fi faɗawa cikin wunin yunwa da ramuwar dare. Maganinsu guzuri ne a aljihu ko jaka: gyaɗa cikin tafin hannu ɗaya, kimanin giram 30, ko dafaffen ƙwai, ko dabino uku da ƙuli-ƙuli, ko ayaba ɗaya, ko awara 'yan yanka. Wannan ba abinci ba ne, aikinsa ya mayar da kai daga 2 zuwa 4 don ka isa gida da hankalinka.

Abin da ke cikin kwanon

Ciki ba zai faɗi gaskiya ba idan abin da ake ba shi ba ya zama. Shayi mai cokali huɗu na suga da farin burodi na shiga jini da sauri ya fita da sauri, kafin ƙarfe 10 an soma hamma. Koko da ƙosai, ko kunun gyaɗa da ƙwai, ko ɗumame da miya, sun fi kai mutum Azahar. Abubuwa uku ke riƙe ciki: masu gina jiki irin su wake, waken suya, gyaɗa, ƙwai, kifi, nama da nono, dusar hatsi da zaren ganye, da kuma yawan ruwan da ke cikin abincin kansa. A wani gwaji da aka yi a Jami'ar Sidni ta Ostireliya a 1995, inda aka kwatanta abinci iri 38 masu kalori daidai wa daida, wato ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki, dafaffen dankalin Turawa ne ya fi kowanne ƙosarwa, kayan fulawa masu mai da suga suka zo ƙarshe.

Wani gwajin da ya fi wannan nauyi an yi shi a Amurka a 2019, ƙarƙashin Kevin Hall. An ajiye mutum 20 a cibiyar bincike, mako biyu ana ba su abincin kamfani da aka sarrafa ƙwarai, mako biyu kuma abincin da aka dafa daga kayan asali, aka ce kowa ya ci iya son ransa. A makonnin abincin kamfani sun riƙa cin ƙarin kalori kusan 500 a rana, suna ci da sauri, kuma nauyinsu ya ƙaru da kusan kilo ɗaya. Ba su ce sun fi jin daɗinsa ba, ana zaton laushinsa ne ya sa yake wucewa kafin ƙoshi ya iso. Biskit, cincin, fanke, donot da taliyar leda duk wannan hali gare su.

Ga ma'aunin farawa ga mai aikin zaune: tuwo ko shinkafa ko dambu gwargwadon dunƙulen hannunka ɗaya zuwa ɗaya da rabi, miyar ganye ludayi biyu, ko kwaɗon zogale ko na rama cikin tafi biyu, sannan wake ko kifi ko nama gwargwadon tafin hannu ban da yatsu. Manomi a damina, lebura, mai shayarwa da matashi mai tasowa sun fi haka buƙata, kuma cikinsu zai gaya musu. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma cikin mako biyu za ka gane malmalar da ke kai ka 7. Hatsin da ba a surfe shi tas ba ya fi riƙe ciki, haka shinkafa da wake ta fi farar shinkafa zalla.

A kula da abin sha, domin ciki ba ya lissafa shi yadda yake lissafa abin taunawa. Lemon kwalba na ɗauke da suga kusan giram 10 a kowane mililita 100, ke nan robar rabin lita ta kai giram 50, kimanin ƙaramin cokali 12. Wannan shi ne iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa baligi a yini guda, ta kuma ce rabin haka ya fi. Zoɓo da kunun aya na sayarwa ma sukan sha suga sosai. Fura da nono kuwa cikakken abinci ce, a lissafa ta a matsayin cin rana, kada a kora tuwo da ita. Mai ma haka: babban cokali ɗaya kalori 120 ne, kuma a garau-garau ko ɗanwake ba wuya a kwarara uku ba a lura ba.

Yadda ake cin

Ka zuba kashi uku cikin huɗu na abin da idonka ya ce, ka bar tukunya ko kula a nesa da inda kake zaune. Ka ajiye waya, a kashe talabijin in da hali, saboda wanda hankalinsa ke kan ƙwallo ba ya jin lokacin da ɗanɗano ya fara raguwa. Tuwo na da wata matsala tasa: da miya mai yauƙi kamar kuka ko kuɓewa haɗiye shi ake yi ba tauna, don haka shawarar a tauna sosai ba ta aiki a nan. Abin da ke aiki shi ne a rage girman loma zuwa rabi, a kuma bari ta sauka kafin a yanko wata.

Idan ka kai rabin kwano, ka dakata minti biyu ko uku, ka kurɓi ruwa, ka ba cikin maki. Alamun ƙoshi ba a tumbi kaɗai ake jin su ba. Loma ta goma ba ta kai ta farko daɗi, hannu ya rage sauri, ka fara tsintar nama kana barin tuwon, ka ja dogon numfashi, hira ta fi abincin jan hankalinka. Da ka ga biyu daga cikin waɗannan, kana 6 ko 7. Idan ka cinye kana son ƙari, ka jira minti 10. In har yanzu kana so, ka ƙara ba tare da jin kunya ba, don wata rana jiki ya fi buƙata. Hadisin da Tirmizi da Ibn Majah suka ruwaito daga Miƙdam bin Ma'adikarib, na raba ciki uku tsakanin abinci da abin sha da numfashi, daidai wannan mataki yake nunawa, kuma gwaji ne mai kyau: in ba za ka iya jan cikakken numfashi ko yin ruku'u cikin sauƙi ba, ka wuce.

Mutane da yawa na cinye ragowa don gudun almubazzaranci. Tura abin da jiki ba ya buƙata cikin ciki bai tserar da abincin ba. A rufe shi a yi ɗumame, ko a ba mai buƙata tun yana da kyau, gobe kuma a rage awo.

Ciyayya, baƙunta da biki

A tire ɗaya, mai sauri ne ke tsayar wa kowa gudu, domin kowa na tsoron a tashi a bar shi da yunwa. Ka shata gabanka da ido tun farko, ka ci shi da ƙananan loma, ka bar masu sauri su yi nasu. Inda matsalar tire ke da nauyi shi ne wajen yara: ƙarami a cikinsu ba ya iya tsere da yayyensa, don haka a ware masa kwanonsa don a ga abin da ya ci.

A gidan mutane, ƙin ci gaba ɗaya na iya zama rashin kyautawa, kuma ba a buƙatarsa. Ka ci kaɗan da fara'a, ka yaba girkin. Idan aka ce "ai ba ka ci komai ba, ƙara mana", amsar da ba ta ɓata rai ita ce "Alhamdulillahi Hajiya, wallahi na ƙoshi, Allah ya ƙara buɗi." In gidan da ka saba ne, "Inna, a ɗaure min sauran in tafi da shi" ya fi faranta ran mai girki a kan ka cusa. Kuskuren da aka fi yi ranar biki ko walima shi ne a wuni da yunwa don a bar wa abincin wuri. Mai isa wurin a maki 2 ba ya tsayawa sai 9. Ka ci abincinka na safe yadda ka saba, ka isa a 4.

A Ramadan tsarin na juyewa amma ƙa'idar na nan. Mai buɗa-baki a 1 ko 2 yake, don haka kada ya yarda da idonsa. Dabino da ruwa da ɗan kunu, a tashi a yi Magariba, wannan ya ba ciki minti 15 zuwa 20, sannan a dawo a ci abinci a natse. A jinkirta sahur, a sa masa wake ko ƙwai ko nono. Bayan Sallah kuma a koma lokutan da aka saba ko da yunwar safe ba ta dawo ba, za ta biyo baya cikin 'yan kwanaki.

Yadda ɗabi'ar za ta zauna

Ana yawan cewa kwana 21 ke kafa ɗabi'a. Binciken da Phillippa Lally da abokan aikinta suka yi a Landan, wanda ya fito a 2009, ya bi mutum 96 da kowannensu ya ɗauki sabuwar ɗabi'a guda. Tsaka-tsakin lokacin da ta zama jiki kwana 66 ne, wasu kwana 18, wasu kuma lissafi ya nuna sai sun kai 254. Abu mafi amfani a binciken shi ne tsallake rana ɗaya bai rushe komai ba. Don haka ka ba kanka wata biyu zuwa uku, kuma ka ɗauki abu ɗaya a lokaci guda. Wanda ya tashi ranar Asabar ya ce daga yau ba suga, ba lemo, ba cin dare, ga tafiyar safe, da wuya ya kai Juma'a.

Ka tsara ɗabi'ar da siffar "idan kaza, sai kaza", ka ɗaura ta a kan abin da kake yi kullum. Idan na wanke hannu zan ci, sai in ba cikina maki. Idan na kai rabin kwano, sai in ajiye cokali. Idan na idar da La'asar, sai in duba ko ina buƙatar guzurina. Ka yi na farko mako biyu kafin ka ƙara na biyu. Niyya irin ta "zan rage ci" ba ta da lokaci ba ta da wuri, shi ya sa ba ta aiki.

Gyaran wuri ya fi ƙarfin zuciya tasiri. Robar cincin da ke kan tebur za a ci ta, wadda ke saman kabad sai an yi niyya. A dafa wake mai yawa a ajiye, a soya gyaɗa a ƙulla ta ƙulli-ƙulli daidai ci ɗaya. Kuma a gaya wa mai girki ko mai zubawa, domin a gidaje da yawa ba mai ci ke auna wa kansa ba. Maigida da ya ce "a rage min malmala ɗaya, in ban ƙoshi ba zan yi magana" ya gama rabin aikin.

Za a yi ranar da za ka wuce 9, a Babbar Sallah ko a tafiya. Kada ka rama da wunin yunwa washegari, domin daga nan ake komawa zagayen da aka baro. A gwajin yunwa da aka yi a Minnesota ta Amurka a 1944 zuwa 1945, inda aka rage wa maza 36 kusan rabin abincinsu na wata shida, tunanin abinci ya mamaye su, kuma da aka sake su da yawansu sun riƙa cin da ba sa iya tsayarwa. Takura mai tsanani ita ke haifar da wannan. Abin yi kawai shi ne ka jira yunwa ta kai 3 ko 4 ka ci abinci na gaba yadda ka saba. Ka kuma tanadi mafi ƙarancin abin da ba za ka bari ba ko a wane hali, misali dakatawar rabin kwano a abincin dare. Wajen auna ci gaba, sikeli ba shi ne farko ba. Ka duba sau nawa a mako ka wuce 8, ko barcin bayan Azahar ya ragu, ko ƙwannafin dare ya lafa. Wasu nauyinsu kan ragu, wasu ya tsaya inda yake, wanda ya daɗe yana takura wa kansa ma yana iya ɗan ƙaruwa da farko.

Waɗanda ba za su jira yunwa ba

Mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan ƙwaya irin su gilibenkilamaid ya ci a kan lokacin da likita ya tsara masa. Idan ya ji rawar jiki, gumi da bugun zuciya, ko na'urar auna suga ta nuna ƙasa da 70, ya sha suga giram 15, wato babban cokali ɗaya a ruwa, ya sake aunawa bayan minti 15. Tsofaffi ma jin yunwa da ƙishirwa na raguwa gare su, haka mai jinyar tarin fuka ko wanda ya tashi daga zazzaɓi mai tsanani, da mai ciki da laulayi ya hana ta ci. Duk waɗannan a ba su kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a rana bisa agogo. Wanda ke cin abinci mai yawa a ɓoye ya kasa tsayawa, ko yake sa kansa amai, ko tsoron ƙiba ya hana shi ci, likita yake buƙata kafin kowace dabara.

Magungunan ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda galibi dezametason ne ko sifroheftadin, suna buɗe ciki ta yadda makin yunwa ba shi da ma'ana, kuma dezametason na iya jawo hawan jini da ciwon suga. Wanda ya daɗe yana shansa kada ya yanke farat ɗaya, likita ne zai rage masa a hankali. Zafin gyambon ciki ma kan yi kama da yunwa, ya lafa in an ci ya dawo tsakar dare. A je asibiti idan yunwa ta yi yawa tare da yawan ƙishirwa da fitsari da rama, ko ana ƙoshi da loma kaɗan ana kuma ramewa, ko bayan gida ya koma baƙi, ko haɗiya na wuya.

Yara kuwa da alamunsu ake haihuwarsu, manya ne ke ɓata su. Jariri mai jin yunwa yana juya kai yana neman nono, yana kai hannu baki, kuka alama ce ta ƙarshe. Daga wata 6 zuwa 8 a ba shi abinci sau biyu zuwa uku a rana ban da nono, daga wata 9 zuwa 23 sau uku zuwa huɗu da ɗan abin taɓawa. Uwa ce ke zaɓar abincin da lokacin, yaro ne ke nuna ya isa, ta hanyar kau da kai ko rufe baki. Ɗura, wato a danne yaro a toshe masa hanci a zuba masa kunu, na iya tura kunun cikin huhu. Idan ya ƙi, a ɗauke kwanon ba faɗa, a sake gwadawa bayan awa biyu. In ƙin cin ya haɗu da zazzaɓi, gudawa, kumburin ƙafa ko tsayawar nauyi a katin awo, a kai shi asibiti a ranar.